Kwanon Ruwa a Cikin Motar Tsere

Lahadi da asuba: Gusau zuwa Tsafe

Ƙarfe biyar da minti arba'in na tayar da mota daga ƙofar gidana a Tudun Wada, ko addu'ar bayan salla ban tsaya na ƙarasa ba. Shekara biyu ke nan da aka yanke mana jihar Zamfara, damina ta ɗauke, ana tsakiyar girbi. Jiya da yamma wani direban layin Tsafe ya kawo saƙo cewa surukata, Inna, ta faɗo daga tsanin rumbu a ƙauyensu da ke bayan 'Yandoto, ƙafarta ta dama ta karye ƙasa da gwiwa. Ta kuma rantse ba mai taɓa ta sai mai ɗorin garinsu na haihuwa, Kekun Waje, can ƙasar Bungudu. Matata Rabi kwananta goma sha biyu da haihuwa, ba halin fita. Ta biyo ni har zaure da jaririya a kafaɗa.

"Don Allah Malam, a hankali."

"Ke dai ki yi addu'a," in ji ni. "Motar ga yanzu babu irinta duk Gusau."

Wannan kam gaskiya na faɗa, babu irinta. Bari in gaya muku abin da na yi mata, don wanda bai sani ba ba zai gane girman wautata ba. Sunana Hamisu, bakanike ne ni, shekarata goma sha huɗu ina gyaran ƙafar mota, wato sifirin da shakazoba da duk wani ƙarfe da ke tsakanin taya da jikin mota. Motar tawa 504 ce mai dogon baya, fara, na saye ta hannun wani ɗan kasuwar auduga, kuma lafiyarta ƙalau kafin in sa mata hannu.

Emeka ne sanadi, ko da yake ba laifinsa ba ne. Shi ke sayar da kayan gyaran mota kusa da garejinmu, haifaffen Sabon Gari, Hausar bakinsa ta fi tawa gudu. Yakan naɗe kaya da tsofaffin mujallun Turawa da ke zuwa cikin kwalayen kayan gwanjo. Wata rana ya naɗo mini wasu robobi a cikin wani shafi, na warware, sai ga hoton wata tsohuwar motar tsere: siririya, mutum ɗaya rak a ciki, tayoyi a waje, sifirin da sandunan ƙafar duk a fili ba rufi. Na zauna kan benci ina kallon hoton nan har shayina ya huce. Washegari na roƙi Emeka ya tattaro mini duk shafukan da ke da irinta.

Da ɗan Turancina na aji uku na tsinci abu uku. Sukan kwantar da motar ƙasa don nauyinta ya kusanci hanya. Sukan sa sifirin mai tauri don kada ta karkata a kwana. Sannan sukan riƙe kowace taya da sanduna biyu masu siffar gwafa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, don tayar ta tsaya cak ko da jikin motar ya motsa. Na ukun ya fi ƙarfin garejina, amma biyun farko ai zarto ne kawai da ƙarfin hali, kuma duka ina da su. Na yanke zobe biyu-biyu daga kowane sifirin. Na zubar da man shakazoba na ɗura mai kauri na giya. Robobin da ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe na cire su, na sa maƙeri ya ƙera mini na ƙarfe. Mota ta sauka ƙasa da faɗin tafin hannu, har da ɗoriya. Abokan aiki suka fara kirana Injiniya, ni kuwa na ɗauka yabo ne, har ina amsawa da ɗaga hannu.

A shingen sojoji na bakin gari wani soja ya haska tayoyina da tocila, ya zagaya motar sau biyu.

"Malam, faci ka yi duka huɗun?"

"A'a ranka shi daɗe, haka ƙirarta take. Ta tsere ce."

"Wa kake tsere da shi da asubar nan?"

Daidai lokacin nan cikin motar ya gogi tudun ƙasar da suka yi a kan titi, ƙiiiii, ya ɗaga mini hannu yana dariya.

A kan kwalta kuwa, wallahi sai wanda ya gani. Ta kama hanya kam, na shiga kwanonin wajen Kwatarkwashi ko karkacewa ba ta yi ba. Duk ramin da na faɗa sai haƙorana sun haɗu, sau biyu ina cizon harshena, amma na ce ai wannan shi ne abin da mujalla ta kira direba ya ji hanya a jikinsa. Kilomita arba'in da 'yan kai na cinye cikin minti talatin da biyar. Na shiga Tsafe ina jin kaina, ina ma a ce akwai mai ɗaukar hoto.

Tsafe da 'Yandoto

A Tsafe na ɗauki Yaya Lawali, yayan Rabi, tela ne a bakin kasuwa, kuma shi ne ɗan farin Inna. Gidajen mai duk a rufe, layin motoci tun shekaranjiya, sai wurin 'yan bumburutu na sayi galan biyu, kowanne naira ɗari biyu da hamsin, ina ƙunƙuni. Muka sha koko da ƙosai na naira goma sha biyar a tsaye, muka juyo baya zuwa 'Yandoto. Ƙarfe bakwai da rabi muka bar kwalta muka shiga hanyar ƙauyen, wadda amalanke da ruwan damina suka yi wa kunya biyu da tudu a tsakiya. Tudun nan ya yi ta shafar cikin motar har ƙofar gida. Lawali ya ce, "Hamisu, lafiya motar ga take kuwa?" Na ce ai ba ta saba da ƙauye ba ne.

Na tuɓe takalma tun daga zaure, na durƙusa nesa da ƙofar ɗakin na gaida Inna. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta amsa can ƙasa-ƙasa, kamar yadda take yi tun ranar da na auri 'yarta shekara tara da suka wuce. Wanzamin ƙauyen ya riga ya jera mata karan dawa a ƙafar ya ɗaure da tsumma. Ya ja ni gefe.

"Ni ɗaurewa kurum na yi, ba ɗori na iya ba. Ƙashin yana nan daidai inda ya karye, bai goce ba, bai huda fata ba. In kunka kai ta haka, aikin mai ɗori kaɗan ne. Amma kada ya motsa, ka ji ko?"

"Baba, motar ga ko karkata ba ta yi," na ce da shi, ina bugun ƙirji.

Muka kwantar da kujerun baya, aka shimfiɗa tabarma da bargo, maza huɗu suka ɗauko Inna a kan ƙyaure suka shigar da ita. Aka sa buhun gero na gaisuwar mai ɗori. Sannan ƙanwarta Gwaggo Hajo, wadda za ta zauna jinya, ta shiga ta zauna kusa da kanta. Gwaggo Hajo mace ce da Allah ya yi wa jiki, ya kuma yi mata baki. Tana zama, mota ta zauna ita ma. Na ba ta wuta, taya na juyawa, salansa ta kafe a ƙasa. Aka sauke gero, ba ta motsa ba. Na yi ta kewaye-kewaye ina soshe-soshen ƙeya, daga ƙarshe dai na buɗe baki.

"Gwaggo, ko za ki daure ki biyo motar haya?"

Ta fito tana gyara ɗaurin zane. "Shekara talatin ina shiga mota, yau ce rana ta fari da mota ta durƙusa ma ni. Ɗan nan, wagga mota ce ko tabarma?"

Jama'a suka kwashe da dariya, ni ma na yi ta yaƙe. Haka muka bar ta a ƙofar gida da buhun gero, muka ɗauki hanya ƙarfe takwas da rabi, ni da Lawali a gaba, Inna ita kaɗai a baya.

'Yandoto zuwa Kwatarkwashi

Kafin mu kai kwalta sau uku ina waiwayawa.

"Inna, lafiya dai?"

"Lafiya lau."

Lawali ma ya tambaya, ta ce, "Uhm." Na dube shi na ce, "Ka ji ko? Ka ga amfanin ilimi. Da sifirin ɗin da ne, da yanzu motar tana ta lilo da ita." Da muka hau titi sai na tuno wani abu da nake zaton na karanta, wai in mota tana gudu sosai takan tsallake kan ramuka ba ta faɗa ciki ba. Na taka totur. Allura ta haura tamanin, ta taɓa casa'in. Motar tana buga ƙasa gaf, gaf, gaf, hular Lawali tana dukan rufi, ni kuwa ina yi masa bayanin sanduna masu siffar gwafa. Daga baya shiru, ko tari babu. Wallahi a raina cewa nake barci ya ɗauke ta.

Ƙarfe tara da kwata na tsaya a gindin dutsen Kwatarkwashi, ba don Inna ba, don salansa da ta fara ja a ƙasa. Ina kwance ƙarƙashin mota ina ɗaure ta da waya, sai wata dattijuwar Bafulatana mai tallar fura ta zo ta leƙa tagar baya ko za a saya. Sai na ji ta kwaɗa salati.

"Subhanallahi! Wagga tsohuwa mi ta yi muku?"

Na fito da sauri na buɗe ƙofar baya. Inna ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije, mayafin ya jiƙe da jini daga leɓenta. Zufa ta jiƙa bargon sharkaf. Bakin tabarmar da ta riƙe ya tsinke a hannunta. Kara biyu daga cikin na wanzami sun karye, tafin ƙafar kuma ya juya waje, ba yadda muka ɗauko shi ba.

"Ai mun tambaye ta," na ce. "Ta ce lafiya lau."

"Kai wane ne gare ta?"

"Surukinta ne."

Ta juya ga Lawali. "Kai fa?"

"Ɗanta na fari."

Matar nan ta sauke ƙwaryarta ƙasa a hankali, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "To ga wa za ta yi kuka? Ga suruki ko ga ɗan fari? Ku ba Hausawa ba ne? Ku matsa can!"

Muka matsa bayan wata bishiyar ɗorawa, muka juya baya. Ko minti ɗaya ba a yi ba muka ji muryar Inna, wani irin kuka da ban taɓa tsammanin zai fito daga bakinta ba. Lawali ya tsuguna ya rufe fuska da hula. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san wannan tun ina yaro. Uwar da ta haife ni ko ruwa ba ta taɓa sha a gaban mijin yayata ba. Na haddace yadda Turawa ke riƙe taya, na manta surukata ba za ta ce wayyo a gabana ba ko da ana yanka ta. Mutum ɗaya da za ta iya yi wa kuka, ita ce na sauke a ƙofar gida don salansa ta huta.

Bafulatanar ta ba ta ruwa, ta share mata baki, ta warware gammonta ta tokare ƙafar da shi. Na miƙa mata kuɗi, ta ce in riƙe abina in sayi hankali. Na nemi wata motar da za a sauya wa Inna, amma da wahalar man nan duk wadda ta wuce cike take har kan but, kuma babu wadda mutum zai kwanta a ciki. Dole muka ci gaba da tawa, a giya ta biyu, ina kewaye kowane rami. Sai ƙarfe sha ɗaya saura muka shiga Gusau.

Gusau

Rabi ta fito ta ɗaga mayafin ta ga ƙafar, ta ga leɓen. Na shirya shan zagi, na ma fi son a zage ni. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, a hankali na ce."

Mata suka taru aka shigar da Inna ɗakin Rabi, tana ta rufe fuska don kunyar shiga gidan suruki a kwance. Muka roƙe ta a kai ta asibiti tun da ga mu cikin gari, ta aiko Rabi da amsa: mai ɗorin Kekun Waje ne ya ɗora ubanta, shi zai ɗora ta. Rabi ta ƙara da nata, cewa uwarta ba za ta sake shiga motar nan ba sai ta koma mota.

To, sifirin da aka yanke ba ya tsirowa. Sai an sami wani, kuma duk unguwarmu Emeka ne ke da na 504, ga shi ranar Lahadi. Na hau ɗan acaba zuwa Sabon Gari, na tsaya bakin ƙofar cocinsu da rigata duk baƙin mai, masu shiga da fita suna kallona, har aka tashi ƙarfe sha biyu da rabi. Ya fito cikin farar shadda shi da iyalinsa. Da ya ji labari sai ya miƙa wa matarsa littafinsa ya ce su wuce gida, muka nufi shago.

Sai da ya jawo sifirin ɗin daga ƙarƙashin kanta sannan ya buɗe baki.

"Injiniya, motocin nan da kake kallo, hanyarsu sumul take kamar faranti. Mutum ɗaya ne a ciki, awa biyu ya fito, kuma biyansa ake yi ya sha wahala. Ita surukarka nawa ka biya ta?"

Ya tona cikin kwalin mujallun ya zaro wani shafi ya ajiye a gabana. Na gane shi, domin na taɓa ganinsa na wurgar. Hoton wata mota ce sak irin tawa, tana tsere a kan jar hanyar daji a wata ƙasar Afirka, an ɗaga ta sama har ana ganin haske ta ƙarƙashinta. Na wurgar da shi ne a lokacin don ta yi mini kama da motar haya. Yanzu na zauna na karanta abin da ke ƙasan hoton, kalma-kalma, Emeka yana cike mini inda na kasa. Ashe masu ƙera motocin tsere ba tauri suke nema ba, ba kuma kwanciya ƙasa ba. Abin da suke nema shi ne taya ta zauna a ƙasa koyaushe. Inda hanya take sumul, sifirin gajere mai tauri ke ba su haka. Inda take da gargada, sai dogo mai laushi, wanda zai bar taya ta bi rami ta fito jikin motar bai sani ba. Mai tauri a kan gargada tsalle kawai yake sa mota, duk dukan ya wuce kai tsaye ga wanda ke ciki. Rabin karatun na yi, kuma rabin da ya fi kyau a hoto na zaɓa.

Muka buɗe gareji mu biyu. Emeka ya naɗe hannun shaddarsa ya riƙe mini jak da sifana, ni ina kwancewa. Muka cire guntayen sifirin, muka zubar da man giyar nan, na ciro ƙarafan maƙeri na mayar da robobi. Na tsaya na yi azahar, na yi la'asar, ya jira ni. Gab da magariba muka sauke ta daga jak. Ta miƙe tsaye kamar kowace mota a tasha, ba abin kallo a jikinta, na danna bayanta da hannu ta sauka ta taso a hankali.

Litinin: Gusau zuwa Bungudu

Tun da sassafe na je wurin mai faci na karɓo tsofaffin tub huɗu, aka hura su rabi-rabi, na jera a baya na ɗora katifa a kai. Na rage iskar tayoyi. Na sa buhun yashi biyu a kan tayoyin baya don nauyi ya kwantar da sifirin. Aka fito da Inna aka kwantar. Ina shirin shiga, sai ga Rabi da kwanon sha cike da ruwa, saura kaɗan ya kai baki. Ta ajiye shi a kan katifar, daf da ƙafar Inna.

"Wannan fa?"

"Inna ba za ta yi magana ba, ka gani da idonka. Wanga zai yi. In ya zube, ta ji. Yaya Lawali, kai za ka duba shi."

Haka muka tashi ƙarfe shida da rabi, Lawali ya durƙusa kan kujerar gaba yana fuskantar baya, idonsa a kan kwano. A mujallar nan na ga masu tseren daji suna ɗaukar mutum na biyu yana karanta wa direba hanya. To ni ma na sami nawa. "Yana rawa! Rage! Ya lafa. Ya kusa baki, Hamisu, rage!" Manyan motoci suna ta danna mana oda a hanyar Sakkwato, wani direban tirela ya leƙo ya tambaye ni ko turawa nake so a yi. Tafiyar da ba ta kai ta rabin awa ba, sai ƙarfe takwas muka shiga Bungudu. Na sayi waina ta naira ashirin a bakin tasha, muka ba wata mata ta miƙa wa Inna, mu kuma muka zagaya bayan rumfa muka ba ta wuri ta ci.

Bungudu zuwa Kekun Waje

Daga nan kwalta ta ƙare. Ruwan bana ya yi wa hanyar kaca-kaca, ga zaizaya ga duwatsu. Na sa giya ta ɗaya na bar ta a nan. Inda rami ya yi zurfi sai in tsaya in fita in cike shi da duwatsu da karan dawa, in dawo in lallaɓa. Masu keke suka wuce mu. Mata masu ɗauke da itace suka wuce mu. Wani tsoho a kan jaki da damin dawa ya wuce mu, ya tsaya ya yi fitsari ya huta, muka cim masa, ya sake wuce mu.

"Sannu direba. Ciwo motar take?"

"A'a Baba," in ji Lawali, bai ko ɗauke ido daga kwano ba. "Ta tsere ce."

A wani kwazazzabo da ruwa ya yanke, tayar baya ta zame daga kan dutse, motar ta yi ɗan girgiza. Lawali ya ce, "Ya zube!" Na taka birki, na fita na zagayo. Ruwan da ya zuba bai fi cokali biyu ba, ya yi ɗan tabo a kan katifa. Na durƙusa a bakin ƙofa.

"Inna, ki gafarce ni."

Shiru. Na sake faɗa, shiru. Lawali ya leƙa ya saurara, ya ɗago yana magana ƙasa-ƙasa. "Barci take, Hamisu. Wanga karo barcin gaske ne, har da minshari."

Ƙarfe sha ɗaya da rabi muka tsaya ƙofar gidan mai ɗori. Wa za mu gani zaune a kan turmi tana tsinkar zogale? Gwaggo Hajo. Tun jiya da la'asar ta iso a motar haya, ita da buhun geronta. Ta ce, "Sannunku da zuwa, masu jirgi."

Mai ɗorin, Malam Barau, tsoho ne siriri marar yawan magana. Ya shiga ya daɗe, mu muna waje. Da ya fito yana goge hannu sai ya tambayi wanda ya ɗauko ta. Na ce ni ne.

"Ƙashin ga ya karye, sannan ya goce ya hau ɗan'uwansa. Faɗuwa ɗaya ba ta yin haka. Na ja shi iyakar yadda zai jawu a jikin tsohuwa. Zai kama in Allah ya so, za ta taka. Amma ƙafar ba za ta koma tsawon 'yar'uwarta ba."

Aka kawo mana tuwon dawa da miyar kuka, Lawali ya ci, ni loma biyu na iya haɗiyewa. Muka yi azahar, na durƙusa daga bakin ƙofa na yi wa Inna sallama, ta amsa ta cikin mayafi, "A sauka lafiya."

Komawa gida

Na sauke Lawali a tashar Tsafe da ke cikin Gusau, na isa gida ana kiran la'asar. Na miƙa wa Rabi kwanonta da sauran ruwan a ciki, na faɗa mata abin da Malam Barau ya ce, ban rage komai ba. Ta karɓa ta shiga ɗaki ta sakaya labule. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina gode wa Emeka da ya ɓata shaddarsa ta Lahadi, da Malam Barau, da matar nan mai fura da ko sunanta ban tambaya ba. Sau uku ina tsayawa a Kwatarkwashi da gammonta a mota, ban sake ganinta ba.

Kwanon kuwa daga baya na roƙe shi wurin Rabi, yana gareji. Duk motar da na gyara wa ƙafa, sai na cika shi na ajiye a kujerar baya na zagaya da ita ta hanyar bayan kasuwa kafin in ba mai ita makulli. Sunan Injiniya ya mutu, yanzu Hamisu Mai Kwano ake ce mini, kuma ina amsawa.

Bayan wata huɗu Inna ta zo Gusau ganin jikarta. Ina zaune a zaure na ji shigowarta tun kafin in gan ta: taku ɗaya, sai ja, taku ɗaya, sai ja. Na miƙe na durƙusa na gaishe ta, ta rufe fuska ta amsa ta wuce. Can na jiyo ta a ɗaki tana magana da Rabi, ta ɗan ɗaga murya yadda zai kai zaure.

"Ki ce da maigidan Allah shi yi mai albarka. Tafiyar ga da munka yi zuwa Kekun Waje, ban taɓa barci mai daɗi cikin mota irin na rannan ba."

Ta ranar Lahadi kuwa, har yau ba ta taɓa ambatonta ba, ko ga Rabi. Ni ne dai nake jin ta, duk lokacin da Inna ta ratsa tsakar gidana za ta alwala.